FILIN MATA: Fatalwa, Soyayya Da Yaƙi Cikin Littattafan 'Yan Mata

 

Wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu taɓa zancen karatu. Akwai wani irin littafin hikaya da marubutan Ingila da Amurka su ke yi musamman domin samari da 'yan mata, 'yan shekara 13 zuwa 18. A cikinsa a kan zuba abu uku a tukunya ɗaya, watau fatalwa, da soyayya, da tarihin yaƙi. 'Yan matanmu da suka iya Turanci suna samun irinsa a ɗakin karatu na makaranta, ko wurin masu kasa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, ko kuwa cikin wayar hannu. Uwa ta leƙa, ta ga bango da hoton wata yarinya cikin farin kaya, ga inuwar soja a bayanta, sai gabanta ya faɗi. Ta ce, "Wannan wane irin karatu ne? Ga tsoratarwa, ga zancen samari!"

To, a hana ne, ko a bari? Ni a ganina a bari, amma uwa ta zauna kusa. Dalili kuwa, in littafin mai kyau ne, fatalwar nan ba don tsoro aka sa ta ba. Ita ce maganar da manyan gida suka binne, suka ƙi faɗi, har ta tashi tana neman wanda zai saurare ta. Mu ma kuwa muna da irin wannan magana a gidajenmu. Bari in kawo muku misali, domin gani ya kori ji.

YARINYA DA SOJAN DA BAI KWANTA BA

Wata mata Ba'amurkiya, sunanta Cat Winters, ta fitar da littafi a 2013 mai suna In the Shadow of Blackbirds, watau cikin inuwar baƙaƙen tsuntsaye. Labarin ya faru ne a garin San Diyego, bakin teku cikin jihar Kalifoniya, a ƙarshen 1918. Masifa biyu sun haɗu wa duniya a shekaran nan. Ga Yaƙin Duniya na Farko yana cin samari a Faransa, ga kuma annobar mura wadda kakanninmu suka kira Marisuwa. Masana sun ce ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya, watau ta fi yaƙin kansa ɓarna. Mu ma ba ta ƙyale mu ba, don jiragen ruwa sun kawo ta Ikko a watan Satumba na 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa.

Yarinyar littafin 'yar shekara 16 ce, sunanta Mary. An kama ubanta saboda ƙin yaƙi, aka tura ta wurin innarta Eva, wadda ke aiki a inda a ke ƙera jiragen ruwa, don maza sun tafi fagen fama. Kowa a gari ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, gidaje sai warin albasa, wai maganin annoba ne. Mary tana da wani saurayi, Stephen, abokin wasanta tun suna yara, ya shiga soja. Sai labari ya zo cewa ya mutu. Bayan an binne shi ya riƙa zuwar mata da dare a firgice, yana cewa tsuntsaye suna kashe shi.

Yarinyar ba mai camfi ba ce, mai son ilmin kimiyya ce da kwance agogo da ɗaura shi. Saboda haka ba ta zauna kuka kawai ba. Ta shiga bincike, ta karanta wasiƙunsa, ta je gidan da a ke jinyar sojoji masu rauni, ta zauna da su tana jin abin da ramukan yaƙi suka yi musu. Sannu a hankali ta gane cewa abin da aka gaya wa mutane game da mutuwarsa ba shi ne gaskiya ba. Firgitar yaƙi ce ta taɓa masa hankali, danginsa kuwa suka ga abin kunya ne, suka rufe. Ba zan faɗi ƙarshen ba, kada in ɓata wa mai niyyar karantawa. Amma ku lura, da an faɗi gaskiya tun farko, da babu fatalwa cikin labarin. Shirun manya ne ya haife ta.

MASU CIN KUƊIN MASU MAKOKI

Akwai wani abu cikin wannan littafi da ya kamata kowace mace ta sani, domin ba ƙage ba ne. Yayan Stephen mai ɗaukar hoto ne, yana karɓar kuɗin matan da 'ya'yansu ko mazansu suka mutu, ya ɗauke su hoto, in an wanke sai ga mamacin dishi-dishi tsaye a bayansu. An yi wannan sana'a ƙwarai a Amurka da Ingila.

Wanda ya fara shahara da ita shi ne William Mumler na garin Boston, a zamanin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. An kai shi gaban alƙali a Niyok a 1869 bisa tuhumar zamba, amma aka sake shi. Bayan haka ma har matar Shugaba Linkon, wanda aka harbe a 1865, ta je wurinsa, ya ba ta hoto da mijinta dafe da kafaɗunta. Dabarar kuwa ba wuya. A wancan zamani a jikin farantin gilashi a ke ɗaukar hoto. In an riga an ɗauki fuskar wani sama-sama a gilashin, sa'an nan aka sake ɗaukar mai rai a kansa, sai su fito tare, ɗaya sosai, ɗaya kamar hayaƙi.

Bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 kasuwar ta sake buɗewa a Ingila. Wata mata mai suna Ada Deane ta kan ɗauki hoton taron tunawa da sojoji da a ke yi a Landan ran 11 ga Nuwamba, sai ga fuskokin samari suna yawo a sama da kan jama'a. A 1924 wata jarida ta tona asiri, ta nuna cewa fuskokin na 'yan ƙwallo ne da 'yan dambe, suna nan da ransu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada mu yi wa matan nan dariya. Hukumar Ingila ta yanke cewa ba za a mayar da gawar soja gida ba, inda ya faɗi nan za a binne shi. Da yawa ma ba a ga gawar tasu ba. A ƙasar Beljiyam akwai wata babbar ƙofa, Ƙofar Menin, an sassaƙa sunan soja fiye da 54,000 a jikinta, duk ba wanda aka san kabarinsa. Uwa ba ta ga likkafani ba, ba ta ga makara ba, takardar waya kaɗai aka miƙo mata. Yaya zuciya za ta yarda? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yarinyar da ta karanta wannan tun tana makaranta, in ta girma wani boka ya ce ta kawo baƙin bunsuru da kuɗi zai haɗa ta da mamaci, ko zai gano mata wanda ya ɓata, ta riga ta san irin wannan ciniki.

ALKAWARIN DA YA ZAMA IGIYA

Misali na biyu daga Ingila ne. Robert Westall malamin makaranta ne, an haife shi a 1929 a bakin kogin Tayin, arewacin ƙasar, yana yaro jiragen Hitila suka yi ta zubar da bom a garinsu. Sau biyu yana cin lambar Carnegie, wadda a ke ba littafin yara da ya fi kyau a shekara. A 1990 ya fitar da The Promise, watau Alkawari.

Wani ɗan makaranta ne, Bob, ya shaƙu da wata kyakkyawar yarinya marar lafiya, Valerie, cikin kwanakin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta roƙe shi ya yi mata alkawari, in ta ɓata zai zo ya neme ta. Yaro ya ɗauka magana ce ta fatar baki, ya amsa. Yarinya ta mutu, sa'an nan ta dawo neman cika alkawari. Tun yana murna da ganinta, har ya zama tana jan sa daga cikin masu rai, yana ramewa, yana nisa da iyayensa da abokansa.

'Yan makaranta, ku buɗe kunne a nan. Wannan littafi bai ce so abin ƙi ba ne. Abin da ya nuna shi ne, akwai son da ke ƙara wa mutum ƙarfi, akwai kuma wanda ke shanye shi kamar yadda lagwani ke shanye kananzir. Duk son da ya raba ki da abinci, da barci, da karatu, da 'yan'uwa, ya sa ki ke ganin rayuwa ba ta da amfani sai da wane, to, wannan ciwo ne, ko mai shi yana da rai ko ba shi da shi. Alkawari kuma kaya ne, a auna nauyinsa kafin a ɗauka.

FATALWA CIKIN AKWATI

Wani lokaci marubucin ba ya kawo fatalwa mai yawo da dare, sai ya sa ta cikin akwati. Haka Mal Peet ya yi a littafinsa Tamar na 2005, wanda shi ma ya ci lambar Carnegie. Yarinya ce 'yar shekara 15 a Landan cikin 1995. Kakanta ya mutu ya bar mata akwati, a ciki da taswira, da tsohon hoto, da kuɗi, da wasu alamu masu wuyar ganewa. Ta bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ta ga abin da ya faru a ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da Jamusawa ke riƙe da ƙasar, yunwa ta kashe mutum wajen 20,000, har mutane suka koma cin saiwar furanni. Samari biyu ne aka sauke da laima daga jirgin sama don su taimaki masu yaƙin ɓoye, suka kuwa so mace ɗaya. Abin da kishi ya jawo a wannan hunturu, shi ne ya bi gidan har jikoki, shekara 50 ba wanda ya furta.

Kun ga ashe duka ukun hanyarsu ɗaya. Akwai abin da yaƙi ya yi, akwai manyan da suka yi shiru, akwai kuma yaro ko yarinyar da abin ya faɗo wa.

AIKIN KOWANE CIKIN UKUN

Kamar miya ce, kowane kayan haɗi da aikinsa. Fatalwa ita ce yaji, ita ke hana yarinya ajiye littafi sai ta ga ƙarshe. Soyayya ita ce ke mai da lissafi ya zama mutum. In na rubuta a allo cewa soja wajen miliyan 9 suka mutu a yaƙin farko, 'yan aji za su kwafa, su haddace, su rubuta ran jarrabawa, ba wadda idonta zai kawo ruwa. Amma in aka ce ga saurayi ɗaya, ga irin rubutun hannunsa, ga abin da ya ce zai yi in ya dawo, sai yarinya ta gane cewa kowane ɗaya cikin miliyan 9 ɗin nan ɗan wata ne, kuma wata tana jiransa. Tarihi kuwa shi ne tuwon, shi ke zama a ciki bayan an manta da yajin.

Game da fatalwa, mu dai mun sani wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa yawo a soro ko bayan ɗaki, abin da ya ke bukata gare mu addu'a ce da biyan bashinsa. Sai uwa ta gaya wa 'yarta haka a fili. Amma hikaya hikaya ce. Wace ce cikinmu ba a yi mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba, ko ta Dodo mai hana ɗibar ruwa? Ba wadda ta girma tana jiran gizo-gizo ya yi mata magana. Marubutanmu na farko ma sun haɗa irin wannan miya. Cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933, Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya fara da yaƙin zuwan Turawa, ya zarce har ƙasar aljannu. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya nuna mana uwar da ta bar gida ta bi sahara neman ɗanta da aka sace. Ashe abin ba baƙo ba ne gare mu.

YADDA ZA A GANE NA KIRKI

Ba duka ne masu kyau ba. Wasu marubutan kasuwa kawai su ke nema, su ɗauko yaƙi su rataya a bango kamar labule, don dai saurayi ya sa kakin soja ya yi kyau. Ga abin da uwa ko malama za ta duba.

Na farko, tarihin gaskiya ne? Marubucin kirki ya kan sa bayani a ƙarshen littafi, ya ce wannan ya faru, wannan kuwa ni na ƙaga. A fara karanta wannan shafi. Cat Winters har hotunan gaske na 1918 ta sa a tsakanin babi da babi.

Na biyu, yarinyar labarin tana aiki da hankalinta, ko kuwa sai suma da kuka har wani ya zo ya cece ta? 'Ya'yanmu suna kwaikwayon wadda su ke karantawa fiye da yadda mu ke zato.

Na uku, ina labarin ya ƙare? In ya ƙare mamaci ya sami hutawa, mai rai ta koma cikin mutane ta ci gaba da rayuwarta, madalla. In kuwa ya nuna cewa ƙarshen so shi ne a bi masoyi kabari, a ɗauke shi daga hannun yarinya, a kuma gaya mata dalili.

Na huɗu, shekarun mai karatu. Abin da 'yar aji shida za ta ɗauka lafiya, zai hana 'yar shekara 11 barci. Wasu kuma suna da zancen da bai dace da tarbiyyarmu ba. Uwar da ta iya Turanci ta riga 'yarta karantawa. Wadda ba ta iya ba, ta sa yarinyar ta ba ta labarin da Hausa suna tsinkar zogale ko suna kitso. Riba biyu ke nan, uwa ta san abin da ke shiga kan 'yarta, yarinya kuma ta koyi juya magana daga wani harshe zuwa nata. Hani da tsawa ba ya hana karatu, sai dai ya mai da shi ƙarƙashin bargo.

NAMU AKWATIN

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne maganar ta fi shafarmu. Yaƙin da a ke ba da labari cikin littattafan nan bai tsaya kan Turawa kaɗai ba. A Yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, an kwashi samarin ƙasar nan dubun dubata, da yawansu daga Arewa, har Hausa ce harshen bariki. Wasu sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka riƙa ɗibarsu a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Bombai ta ƙasar Indiya, daga nan sai dazuzzukan Bama, ƙasar da yanzu a ke kira Miyanma, don su kara da Japan. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda ba hanyar mota, sai daga jirgin sama a ke jefo musu abinci, wasu kuwa aikinsu ɗaukar kaya a ka cikin ruwan sama da duwatsu. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma an sa su cikin mayaƙan da a ke kira Chindit, masu shiga bayan abokan gaba.

Ke 'yar Zariya da ki ke wucewa ta Barikin Chindit, ke 'yar Kaduna da ki ke jin an ce Barikin Dalet, kin san daga Bama sunayen nan suka zo? Haka Dodan da Arakan a Ikko, haka Burma Camp a Ankara ta ƙasar Gana. Sunayen suna bakinmu kullum, labarin kuwa ya ɓace mana.

Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana sun dawo, galibi a 1946. Wasu sun dawo da lambobi a ƙirji da labarin ban dariya, wasu sun dawo ba sa son a buga ƙofa da ƙarfi, suna zabura cikin barci, mutane suna cewa iska ce ta taɓa su a can. Wasu ba su dawo ba. A Taukkyan, kusa da birnin Rangun, akwai makabartar soja, da ginshiƙai ɗauke da suna kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan ƙasar nan masu yawa. Kowane suna a wurin nan, akwai ɗakin da aka yi ta share shi ana jira. Akwai budurwar da aka kai kuɗin gaisuwarta, akwai amaryar da lallenta bai goge ba. Ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan matar da mijinta ya ɓata, don sun san nauyin abin. Ta jira? Iyaye sun matsa ta yi wani aure? In ta yi, sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa da akwatinsa fa? Wane littafin Turawa ne ya fi wannan abin faɗi?

An ɗan taɓa labarin mazan. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ubansa ya yi yaƙin Bama, ya rubuta Burma Boy a 2007, labarin wani yaro Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. A 2014 kuma wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, ya fitar da Another Man's War, labarin gaskiya na Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a bakin Kaladan a 1944, shi da wani abokinsa ɗan Saliyo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su yana ciyar da su wata da watanni, alhali in Japanawa sun gane, kashe shi za su yi. Amma ɓangaren matan da aka bari a gida, wannan yana jiran alƙalamin mace. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kuma jiran bai ƙare da Bama ba. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. An yi kuma fitinar Arewa maso Gabas da ta tashi a 2009, wadda a 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce an kawo mata sunan mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a lissafinta na wannan shekara, fiye da rabinsu kuwa yara ne sa'ad da suka ɓata. Yarinyar da ta koyi tausayin Mary ta San Diyego, ba za ta yi wa 'yar gudun hijirar da aka kawo ajinsu kallon banza ba.

AIKIN GIDA

Da ya ke ni malama ce, ba na sallamar aji ba aikin gida. Ke 'yar makaranta, ki sayi littafin rubutu guda, ki keɓe shi. Sojan da ya ke da shekara 18 a 1944 haihuwar 1926 ne, ki yi lissafi da kanki ki ga saura nawa za a samu. Amma 'ya'yansu suna nan, su ne kakanninki, kuma waɗanda suka ga yaƙin basasa da idonsu suna nan da yawa. Ki je wurin kaka da ladabi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ɗan kama mata aiki, sa'an nan ki ce, "Kaka, a gidanmu akwai wanda ya je yaƙi?" Ki tambayi sunansa, da garin da aka ɗauke shi, da ko ya aiko wasiƙa, da wanda ya karanta musu ita, da abin da matarsa ta yi. In akwai tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki, ki roƙi izini a buɗe. Wataƙila a sami lamba, ko takardar sallama, ko hoto. Ki rubuta abin da aka gaya miki yadda aka faɗa, da kwanan wata, da sunan wadda ta faɗa. In tsohuwa ta yi shiru ta kau da kai, kada ki matsa, ki bari sai wata rana. Abin da kuma aka ce sirrin gida ne, ya tsaya a gida.

Ku kuma iyaye mata, in yarinya ta zo da tambaya, kada a ce mata, "Ke dai kin cika tone-tone." Matambayi ba ya ɓata. Abin da kuka ƙi faɗi da bakinku, wata rana za ta ji shi a bakin 'yan gulma, a karkace. Gara ta ji daga gare ku, da tausayi da addu'a ga waɗanda suka riga mu.

Wadda kuma Allah ya ba baiwar rubutu, ga fili. Matan Hausa sun riga sun nuna sun iya labarin so, tun daga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid a 1980, har zuwa ɗimbin littattafan da matan Kano suka cika kasuwa da su. Saura a haɗa wannan gwaninta da tarihin gidajenmu. A sa yarinya 'yar zamanin nan ta tsinci wasiƙa daga Bama cikin adakar kakarta, a bar ta ta bi sawu. Ko an sa fatalwa ko ba a sa ba, wannan ya rage ga mai alƙalami, muddin an faɗi gaskiyar abin da yaƙi ya yi wa mata.

Wadda ta yi wannan aikin gida, ta ga akwai abin da za a iya bugawa ba tare da tona asirin kowa ba, ta aiko wa Filin Mata ta hannun Edita, da izinin manyanta. Za mu karanta, mu zaɓi waɗanda suka fi, mu sa a wannan shafi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ya ba masu jira haƙuri, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama